Daga Soba zuwa Kamlin: Yadda za a tsare ɗinkin ƙirji bayan tiyatar zuciya

A ƙauyukan Hausawa na Jazira, tun daga kewayen Kamlin zuwa Hasahisa, har a haura Mai Wurno da garuruwan bakin Nil Azrak, ba a barin wanda ya dawo daga tiyatar zuciya ya shige ɗaki shiru. Akan yanka rago a yi karama, mata su ɗora tukwane, maƙwabta su cika rakuba, kowa ya shigo da "barka da arziki". Kuma abin a yi murna ne kam. Mutum ne aka buɗe ƙirjinsa, aka tsayar da zuciyarsa, inji ya riƙa juya masa jini har aka gama gyara, ga shi ya sauko daga mota da ƙafarsa.

Sai dai a ranar da aka sallame shi ƙashin ƙirjinsa bai haɗe ba tukuna. Likita ya raba ƙashin nan biyu daga sama zuwa ƙasa don ya kai ga zuciya, sannan ya ɗaure shi da wayoyin ƙarfe. Kafin ya kama sai an yi mako shida zuwa takwas, ga wasu har wata uku. A cikin wannan lokaci ne ciwon kan ruɓe in ƙwayar cuta ta samu hanya, kuma sau da yawa alamun ba sa fitowa sai mutum ya riga ya baro asibiti. Ke nan a kwanakin da suka fi haɗari ɗinkin yana hannun uwa, ko mata, ko ƙanin da aka ce ya riƙa kwana da mara lafiya.

Abin da ke kai mutanenmu Soba

A Turai da Amurka yawancin masu tiyatar zuciya dattawa ne da jijiyoyinsu suka toshe. A nan Sudan kuwa da yawa daga cikinsu matasa ne, kuma rumatizim ɗin zuciya ne ya kai su. Mafarinsa ciwon maƙogwaro ne na ƙuruciya, irin wanda akan ce zai wuce da kansa. In ba a yi maganinsa da fenisilin ba, a wasu yaran sai jiki ya juya ya far wa ƙofofin zuciya, waɗanda a nan muke kira sammam. Shekara da shekaru ƙofar na ƙanƙancewa ko ta daina rufuwa da kyau, har saurayi ya kasa gama kunya ɗaya a hawasha, ko mace ta ga numfashi na gagarar ta a cikinta na fari.

Akwai wuraren da aka sani da aikin zuciya a ƙasar nan, irin su asibitin Ahmad Gasim a Bahri, da na Sha'ab a Khartum, da cibiyar zuciya ta Madani. Amma sunan da talaka ya fi riƙewa shi ne Salam, cibiyar da ke Soba a bakin Nil Azrak, kimanin kilomita 20 kudu da Khartum, ta ɓangaren da mai zuwa daga Jazira ke shiga birni. Ƙungiyar EMERGENCY ta ƙasar Italiya, wadda marigayi Dokta Gino Strada da abokansa suka kafa a 1994, ita ce ta buɗe ta a 2007. Tiyata da magani duk kyauta ne, kuma yawancin aikinta gyara sammam ne ko sauya shi.

Waɗanda suka tsara ginin sun san ƙurar Sudan. Iskar da za ta shiga ɗakuna sai ta fara bi ta wasu lunguna a ƙarƙashin ginin, inda yashi ke zubewa, a fesa mata ruwa, sannan ta wuce. Ginin ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 2013. To daga irin wannan wuri ne mara lafiya ke komawa ɗakin jalus mai buɗaɗɗiyar taga, inda habub ke shiga yadda ya ga dama, wuta na ɗaukewa, zafin Afrilu da Mayu na haura digiri 40. Ba mai iya mai da gidansa asibiti, kuma ba a buƙatar haka. Abubuwan da ke tsare ɗinki a gida kaɗan ne, yawancinsu ma ba kuɗi suke ci ba.

Ciwo ne mai zurfi

Ruɓar ɗinkin ƙirji iri biyu ce. Akwai ta sama, wadda ta tsaya a fata da kitsen da ke ƙarƙashinta. In an kama ta da wuri, giyar da magani sun wadatar. Akwai kuma ta ciki, wadda ta kai ga ƙashi da sararin da ke bayansa, inda zuciya take. Wannan ba ta da yawa: a manyan asibitocin duniya takan sami mutum 1 zuwa 3 cikin 100. Amma in ta samu, sai an koma ɗakin tiyata an buɗe, an kankare abin da ya ruɓe, a yi makonni ana ba da magani ta jijiya, kuma duk da haka takan yi ajalin mutum 1 cikin 10 ko fiye na waɗanda ta kama. Mai sammam na ƙarfe yana da ƙarin haɗari, don ƙwayar da ta shiga jini takan maƙale a jikin ƙarfen, inda magani ke wuyar kai mata. Wani lokaci sai an sake sauya sammam ɗin gaba ɗaya.

Ƙwayar da ta fi yin wannan ɓarna, wadda likitoci ke kira istafilokokus, ba daga nesa take zuwa ba. A fatar mutane take zaune, kuma kusan mutum 1 cikin 3 na ɗauke da ita a hanci yana lafiya lau. Hanyarta gajera ce: daga hanci zuwa yatsa, daga yatsa zuwa ɗinki.

A watan Nuwamban 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari 29 kan hana ruɓar ciwon tiyata. Ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kashi 11 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata kan kamu. Wasu shawarwarin na likitoci ne, kamar ba da allurar kariya jim kaɗan kafin a tsaga, da shafa man mupirosin a hancin wanda aka gano yana ɗauke da ƙwayar. Akwai kuma abubuwan da suka shafi mara lafiya kansa tun yana jiran ranar amaliyya.

Na farko, kada mutum ya ɗauki reza ya aske ƙirjinsa don ya taimaka wa likita. Reza na barin ƙananan tsagu da ido ba ya gani, ƙwayoyi su zauna a ciki. In akwai buƙatar rage gashi, a asibiti za a yi da inji. Wanka da sabulu kafin tiyata shi ake so. Na biyu, haƙori. Ruɓaɓɓen haƙori ƙofa ce ta shigar ƙwaya cikin jini, shi ya sa ake duba baki kafin a sauya sammam. Na uku, taba kowace iri, sigari ce ko shisha ko tumbak ɗin da ake cusawa a leɓe. Nikotin na matse ƙananan jijiyoyin da ke kai wa ciwo jini, sigari da shisha kuma ga tari. Barin su mako huɗu kafin tiyata na rage matsala, bayan tiyata ma ba a komawa. Na huɗu, ciwon sukari. Mai sukari ya fi kowa haɗarin ruɓar ɗinki, kuma likitocin zuciya na son awon ya tsaya ƙasa da 180 a kwanakin bayan tiyata. Shayin safe mai cokali uku da dabinon da masu dubiya ke kawowa na iya rushe wannan cikin kwana biyu.

Hannu da ruwa

A gida, a ware mutum ɗaya ya zama mai kula da ɗinkin, kuma shi ne zai tsaya a asibiti a nuna masa yadda ake yi kafin sallama. Ya yanke farce. Ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa, ya sake wankewa bayan ya gama. Shi ma mara lafiya haka, don ciwo in ya fara warkewa ƙaiƙayi yake yi, hannu kuma kan kai kansa wurin ko cikin barci.

In likita ya ba da izinin wanka, ruwa mai tsafta da sabulu marar turare sun isa. A bar ruwan ya gangara ta kan ɗinkin, ba a cuɗa da soso, ba a ɓanɓare ɓawo. A dangwala tsumma mai tsafta har wurin ya bushe, kuma tsumman nan nasa ne shi kaɗai. Ba a shafa mai, ba a barbaɗa hoda. Ƙananan ramukan da ke ƙasan ƙirji, inda aka zare robobi, su ma ciwo ne. Wanda aka ciro masa jijiya daga ƙafa ya lura da ɗinkin ƙafar, don shi ma yana saurin ruɓewa.

Maganar ruwa ita ce babba a wajenmu. Ruwan tur'a, wanda dabbobi ke sha ana wanki a ciki, ba ya kusantar ɗinki. Haka ruwan karo da ba a san inda aka ɗebo shi ba, da na zir da kowa ke tsoma kofi. Tun da aka sanar da ɓarkewar kwalara a watan Agustan 2024 gidaje da yawa sun koyi tafasa ruwan sha ko sa masa ƙwayar kulorin. To haka za a yi wa ruwan wankan mai ɗinki: a tafasa har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, a rufe, a bar shi ya huce. Shiga kogi ko zama cikin baho sai ciwo ya rufe sarai.

Zufa ma abin lura ce. Riga ta auduga mai sakewa, wankakka, wadda ta sha rana, a sauya ta da zarar ta jiƙe. Mace mai cikar ƙirji ta sa rigar mama mai laushi marar ƙarfe, don nauyi na jan ɗinki ta gefe biyu, kuma ta riƙa busar da ƙarƙashin mama. In shash ya jiƙe da zufa a sauya shi, kada a bari sai gobe. Da kharif, lokacin da ƙuda ke yawa, gidan sauro na da amfani har da rana. In habub ya taso a rufe ɗaki, a rufe ƙirji.

Masu dubiya da masu magani

Dubiya haƙƙi ce, ba mai cewa a daina. Amma gaisuwarmu ta nan, da dafa kafaɗa da runguma, ba ta mai sabon ɗinki ba ce. A sa dattijo ɗaya a bakin ƙofa wanda ba a jin nauyin maganarsa, ya ce wa jama'a a gaisa daga nan. Mai mura ko tari ko maruru ya aiko da gaisuwa. Kuma don Allah a bar cewa "ɗaga rigar mu gani". Yara su shigo su ga babansu, amma ba hawa jiki. Bakhur a kai shi tsakar gida, hayaƙinsa na tayar da tari.

Sai masu kawo magani, waɗanda duk da kyakkyawar niyya suke zuwa. Wannan ta ce garin bagaruwa, garad ɗin nan da aka sani da busar da miki. Wancan ya ce garin bun, wata ta ce man riɗi, wani ya ce a fasa kafso a zazzage a kai. Ko ɗaya ba a sa wa ɗinkin ƙirji. Garin da aka daka a turmi, aka shanya a tabarma, ƙasa da ƙwayoyi na cikinsa, kuma in ya busar da saman ciwo sai ya rufe mugunya a ciki. Zumar da wasu asibitoci ke amfani da ita an kashe mata ƙwayoyi ta hanya ta musamman, ba irin ta kasuwa ba ce. Addu'a a yi ta sosai, amma ba a tofa wa ɗinki, ba a shafa masa rubutu. Dukhan da dilka kuma mata su jinkirta har likita ya ce.

Nauyi, tari da salla

Ƙashin da ke motsi ba ya haɗewa, kuma in wayoyi suka saki, ƙwaya ta samu wurin zama. Don haka a makonni shida zuwa takwas na farko ba a ɗaukar abin da ya haura kilo 5. Jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce. Daka, jan guga, goyo, ɗaga yaro, riƙe akalar jaki, tura angareb, sassabe a hawasha, duk su jira. Tuƙi ma ya jira, kuma doguwar tafiya a raksha ko karo kan hanya mai gargada ba ta da kyau sai dole. Matsalar ta fi yawa ga mata, don mace in ta ga aiki zube ba ta iya kallo. A kawo mata 'yar'uwa ta zauna da ita wata biyu.

Tari dole ne, shi ke share huhu bayan tiyata. A rungume matashi a ƙirji sannan a yi tari ko atishawa. Tashi daga gado a fara juyawa gefe, a sauke ƙafafu, a miƙe ba tare da dogara da hannu ba. Tafiya kaɗan-kaɗan kullum, da sanyin safiya da yamma, tana taimakon warkewa.

Salla ma a kiyaye. Sauka sujada da tashi daga ƙasa da ƙarfin hannu na jan ƙashin ƙirji. Malamai sun yi bayanin cewa mara lafiya na iya salla a zaune, ya yi ishara a ruku'u da sujada, kuma a wankan wajibi ana iya shafa a kan bandeji ko a yi taimama in ruwa zai cutar. Wanda ke shakka ya tambayi limamin unguwarsu.

Ciwo na buƙatar abinci kafin ya cike: ful, adas, wake, ƙwai, kifi, nono, gyaɗa, nama in ya samu. Mai shan warfarin, maganin tsinka jini da mai sammam na ƙarfe ke sha har ƙarshen rayuwa, ya ci ganye irin su lalo da jirjir da zogale daidai yadda ya saba. Ƙarawa ko ragewa farat ɗaya na sauya ƙarfin maganin.

Alamomin da ba a kwana da su

A duba ɗinkin kullum da safe a wuri mai haske. Mai waya ya ɗauki hoto kowace rana, don ido kan saba da abin da yake gani, hoto kuwa zai nuna bambancin jiya da yau. A nemi ma'aunin zafin jiki a ajiye. Ɗan ja siriri a bakin ɗinki, da ƙaiƙayi, da ɗan tudu a samansa, duk ana ganin su a ciwo mai warkewa. Waɗannan kuwa a tafi asibiti a ranar:

Ja da ke faɗaɗa, ko kumburi, ko wurin ya yi zafi in an kusanta hannu.

Ruwa ko mugunya ko jini na fitowa, ko wari.

Ɗinki ya buɗe, ko da ɗan kaɗan ne.

Zugin da ke ƙaruwa bayan ya fara sauƙi.

Zazzaɓi da ya kai digiri 38, ko rawar ɗari.

Ƙashin ƙirji na ƙas-ƙas ko motsi in an yi tari ko an juya.

Numfashi na sama-sama, ko kasala mai tsanani da ta zo farat ɗaya.

A Jazira duk zazzaɓi maleriya ake ce masa. Mai sabon sammam ya yi gwajin maleriya, amma ko an same ta sai likita ya ga ɗinkin, kuma a gaya masa an yi tiyatar zuciya. Babban kuskure shi ne aika yaro kantin magani ya sayo kafso. Maganin da aka sha kafin gwaji na ɓoye ƙwayar, likita ya kasa gane wace ce balle ya zaɓi abin da zai kashe ta. Ga mai shan warfarin kuma abin ya fi haka muni. Flagyl da Septrin da siprofuloksasin na ƙara masa ƙarfi har jini ya ɓalle. Asfirin da ibuprofen da diklofenak su ma na jawo zubar jini. Duk lokacin da likita ya rubuta sabon magani, a tambaye shi yaushe za a sake gwajin suyula.

Nisan da yaƙi ya ƙara

Kafin 15 ga Afrilun 2023 mutumin Kamlin kan yi sammako ya je Soba ya dawo a yini. Da yaƙi ya ɓarke, cibiyar Salam ta ci gaba da aiki duk da an rage, EMERGENCY kuma ta buɗe ƙananan wuraren duba masu zuciya a Madani da Atbara don waɗanda suka gudu daga Khartum. Na Madani ya tsaya a Disamban 2023 da dakarun Da'am Sari' suka shiga garin. An washe cibiyoyin lafiya da kantunan magani da yawa a Jazira, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na wuraren jinya a yankunan faɗa sun daina aiki. Sojoji sun karɓi Madani a Janairun 2025, Khartum a Maris, mutane sun fara komawa gida, amma asibitin da aka kwashe kayansa ba ya tashi a rana ɗaya.

Wannan ya sa shiri ya zama dole tun kafin sallama, ko a Soba aka yi aikin, ko a Masar, ko Indiya. A karɓi takardar da ta faɗi irin tiyatar da irin sammam ɗin, a ɗauki hotonta a waya fiye da ɗaya. A karɓi lambar da za a kira. A tambaya a ina ne mafi kusa da ake gwajin suyula, kuma wa zai cire zare. A taho da shash da safar hannu da ruwan gishiri na asibiti waɗanda za su kai makonni. A san tun yau wane mai mota ne za a tasa da tsakar dare, a kuma ware kuɗin mai a hannun mutum ɗaya, kada a taɓa. In an ba da damar zama a masaukin asibiti na wasu kwanaki bayan sallama, a zauna, gida ba zai gudu ba.

In alama ta fito kuma hanyar Khartum ba ta biyuwa, a nufi asibitin da ya fi kusa, na Kamlin ne ko na Hasahisa ko Madani, a nuna takarda, a roƙi likitan ya tuntuɓi waɗanda suka yi aikin. Ruɓar da aka kai asibiti ranar da ta fito sau da yawa giyar da magani ke gamawa da ita. Wadda aka yi mako ana cewa bari mu ga gobe ita ce ke kai wa ga ƙashi. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri.